Kabarin da Dominic Ya Rufe da Yashi

Da hannu Hephzibah take tonon yashin, ba shebur, ba ko kwano. Ruwan sama yana dukan bayanta, faratanta sun tsage, amma duk abin da ta kwashe sai wani ya gangaro ya cike gurbinsa. Tifa guda aka juye a bayan ɗakin, kuma a ƙarƙashin tulin nan mahaifiyarta take kwance...

Ba ta da kowa a duniya sai wannan kabarin. Mahaifinta soja ne daga barikin Basawa, ya tafi aikin kiyaye zaman lafiya a Saliyo bai dawo ba, ko gawarsa ba su gani ba. Da uwar ta ji ciwo ya ci ƙarfinta, sai ta roƙa a binne ta a cikin gidan da mijinta ya gina a bayan Samaru, yadda ake yi a ƙauyensu, don kada 'yarta ta kwana ita kaɗai. Haka kuwa aka yi. Kullum in Hephzibah ta dawo daga koyon ɗinki a Sabon Gari, nan take zama ta ba uwar labarin yini, wanda ya yi mata tsawa da wanda ya yaba ɗinkinta.

Sai ga maganar faɗaɗa titi, aka shafa wa gidan jan fenti, alamar za a rushe shi. Ƙanin mahaifinta, Dominic, wanda ko jana'izar bai zo ba, ya bayyana da jakarsa ya kama ɗakin marigayi. Shi ya jiyo cewa masu kimanta gidaje don biyan diyya suna sauri, a tsaye suke gama gida su wuce, amma duk gidan da aka samu kabari a ciki sai su ajiye shi a gefe har a nemo fasto da dangi a tsara yadda za a ɗauke gawa. Jira kuwa Dominic bai iya ba. Ranar da za su zo ya aiki Hephzibah kasuwar Sabon Gari tun da safe, ya kira tifa, ya tsaya a bakin ƙofa aka ɗauke shi hoto a matsayin mai gida. Aka tambaye shi ko akwai kabari, ya ce babu.

"Baba, buldoza za ta bi ta kanta," in ji Hephzibah, tana durƙushe cikin taɓo a gaban Dominic. "Ka ɗauki gidan, na bar maka. Ka bari kawai a ɗauke ta."

"Wadda ta mutu ta san buldoza ne? Ke dai kina so a mayar da mu ƙarshen layi saboda ƙasusuwa. In kika sake taɓa yashin nan sai na karya miki hannu, mu ga da me za ki yi ɗinkin."

Ya watsa mata kayanta waje, ya sa kwaɗo. Ta nufi gidan maƙwabciyarsu, Mama Lucia, wadda da hannunta ta yi wa gawar wanka. Mama Lucia ta ba ta tuwo, ta share mata hawaye, ta ce, "'Yata, maganar dangi ce, ba a shiga. Ki bar wa Allah." Ta je wurin dattawan coci, suka ce za su zauna a kai bayan bikin godiyar kaka. Kai, wannan hali namu! Unguwa guda ta tsaya a kan kabarin nan ta yi waƙa, amma aka rasa mutum ɗaya da zai buɗe baki, kowa ya ɗora wa Allah aikin da Allah ya ba shi baki ya yi.

A shagon ɗinki ta koma kwana, tsakanin kekuna. Ta je ofishin masu kimantawa har sahunta ya saba da hanya, kullum amsar ɗaya ce: an gama da layinsu, Mista Oladipo da ya yi kimantawar yana wurin aiki. Da yamma takan hau bas zuwa Samaru, ta tsaya a bayan katanga daidai inda kabarin yake, ta jingina goshinta. "Mama, yau ma ban same shi ba... Ya Yesu, kai ka ga inda aka kwantar da ita, kada ka bari a murƙushe ta."

Ranar rusau ta haura katangar tun kafin buldoza ta iso. Da direban ya ture bangon baya, sai ya ga yarinya kwance a kan tulin yashi ta buɗe hannuwa ta rungume shi. Ya kashe injin. Dominic ya taho da gudu yana cewa mahaukaciya ce, ya kama ƙafarta yana ja. Hayaniyar ce ta jawo wani dogon mutum mai hular kwano.

"Yarinya, ni ne Oladipo, ni na kimanta gidan nan. Me kike karewa?"

"Uwata ce, Yallaɓai."

"Yashin gini ne," in ji Dominic. "Ai kai ma ka gani ranar."

"Na gani daga bakin ƙofa," in ji Oladipo. Ya karɓi shebur daga hannun wani lebura ya fara haƙa da kansa. Ba a jima ba bakin shebur ya daki siminti. Hephzibah ta share wurin da gefen zanenta, sai ga gicciye, ga sunan uwar da ita kanta ta rubuta da ɗan yatsa tun simintin yana ɗanye.

Sai a lokacin Mama Lucia ta fashe da kuka, ta ce ita ta yi wa matar wanka, gidan kuma na uban yarinyar ne, Dominic ko bulo ɗaya bai ɗora ba. Mutane suka yi ta gaskata ta, kowa yana kallon ƙasa. Oladipo ya kira 'yan sandan da ke rakiyar aikin, suka tafi da Dominic kan ƙaryar da ya yi wa hukuma, yana roƙon Hephzibah da sunan mahaifinta. Aka soke hotonsa, aka sake kimanta gidan ɗaki ɗaki da sunanta, buldoza ta koma wani layi ta jira.

Fasto ya zo, mata suka yi waƙa, aka ɗauki uwar cikin sabon akwati zuwa filin da aka ba Hephzibah diyya a Hanwa. Da aka gama zuba siminti kowa ya watse, ta durƙusa ta sake rubuta sunan da yatsanta wanda bai gama warkewa ba. Sannan ta gyara zama a gefen kabarin, ta ce, "Mama, bari in ba ki labari tun daga farko."