Kashe Shi

Ana gab da kiran magariba Zulkifilu ya ɗaure akwatin gwaji a bayan mashin, ya kama hanyar Doma yana ƙunƙuni shi kaɗai. Direbansa Torkula ne ya bugo waya, wai mota ta sake mutuwa, kuma a daidai wurin da ta saba.

Motar tsohuwar ta soja ce, irin mai dogon hancin nan. Zulkifilu ya saye ta a gwanjo ya mai da ita ta dakon doya. Shi sana'arsa gyaran wayar mota ce a Lafiya, don haka ya damƙa tuƙin a hannun Torkula, amininsa tun suna koyon aiki a gareji ɗaya. Zumuncin nasu har matansu sun gada. To amma kwanan nan zuciya ta fara yi masa saƙe-saƙe. Yaya za a yi mota ta wuni lafiya lau, ba ta tashi mutuwa sai da yamma, a wani kwari da babu gida kusa? Kuma duk ranar da ta yi haka sai ta dawo tanki ya yi ƙasa? Ruwa dai ba ya tsami banza. A ransa ya gama yanke hukunci cewa mai ake zuƙewa a sayar, a ɗora wa mota laifi. Abin yana ci masa rai ƙwarai, don ya fi son a ce injin ne ya lalace da a ce Torkula ne.

Akwatin shi ne shaidar da zai kafa. Tare da motar ya zo, a ƙarƙashin kujera. Koren ƙarfe ne mai nauyi, da gilashi mai allura a fuskarsa, da kebur mai kaurin igiyar rijiya. Na'urorin zamani da ake yawo da su a gareji ba su jin yaren irin waɗannan motoci, ko ramin da za a soka su babu. Shi wannan ana ɗaura bakin kebur ɗinsa a wani soket kusa da gwiwar direba, a murɗa, sai allura ta faɗi lafiyar batir da wayoyi da sauransu. Allura kuwa ba ta da aboki, ba za ta rufa wa kowa asiri ba.

Ya tarar da motar a gefen titi, doguwar ciyawa na goga mata ciki. Torkula ba ya kusa da ita. Yana can nesa bisa wani dutse, ya rungume gwiwoyinsa. Da ya taso, murya ƙasa-ƙasa ya roƙi a bar aikin sai da safe. Ya ce duk sa'ad da ya iso kwarin nan sitiyari yakan yi sanyi a hannunsa, kujerar gefensa ta lotsa kamar wani ya zauna.

Zulkifilu ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba, ya ce shi dai tunda aka haife shi bai taɓa jin aljani mai shan dizal ba. Ya zagaya wajen tanki yana shinshinawa, yana tona ciyawa da ƙafa ko zai ga tiyo ko sawun jarka. Bai ga komai ba, sai ya ɗauki hakan a matsayin ƙwarewar ɓarawo. Torkula yana kallonsa, ya kuma gane abin da ake nema.

Cikin motar wani wari ya tari Zulkifilu, warin man goge takalmi da na jiƙaƙƙen kakin soja. Wato har fasinja ake ɗauka a ɓoye, ya raya a ransa. Ya ɗaura kebur ya murɗa, ya jawo shi ta taga, ya ɗora akwatin a kan bamba. Ya ɗaga bonet, bonet ya rufe masa gilashin gaba. Ba tare da ya waiwaya ba ya ce wa Torkula ya shiga ya jira umarni.

Bai kai ga kunna akwatin ba ya ga allura ta riga ta miƙe, tana rawa. Ya ƙwanƙwasa gilashin da farce. Ba ta sauka ba.

Kwaɗin da ke kuka a kwarin suka yi tsit.

"Tayar," ya ce.

Bugu ɗaya injin ya kama.

"Ƙara wuta."

Ya yi ruri.

"Sassauta."

Kafin ya rufe baki an sassauta. Torkulan da sai an faɗa masa magana an maimaita, yau shi ne da wannan biyayya? Allura ta nuna komai daidai. Zulkifilu ya ji daɗin kama ɓarawo da baƙin cikin rasa aboki a lokaci guda. Ya ɗaga murya sama da ƙarar injin, ya ce ga mota nan lafiya ƙalau, saura a faɗa masa inda mai yake tafiya.

Amsar ta bayan kunnensa ta fito.

"Zulki... ni fa ban shiga ba."

Ya juya. Torkula ne tsaye a bayansa, makullin motar a tafin hannunsa.

Injin ya fara hawa da kansa. Baƙin hayaƙi ya turnuƙe. Allura ta kai bango tana dukan ƙarfe, ƙas, ƙas, ƙas. Ta 'yar kafar da ke ƙarƙashin bonet Zulkifilu ya saci kallo. Bayan sitiyari akwai duhu mai kafaɗu, zaune ƙyam, yana jira.

Bakin makanike yakan riga hankalinsa. Duk wanda ya girma a gareji, in ya ji inji na neman fashewa, kalma ɗaya ce ke fito masa. Da Bakano ne da ya ce a kashe ta, tunda mota mace ce. Amma a Lafiya aka haifi Zulkifilu, inda mota shi ne, tukunya shi ne, amarya ma shi ne.

"Kashe shi!"

Injin bai mutu ba.

Ƙofar direba ta buɗe a hankali. Takalmi mai nauyi ya sauka kan tsakuwa. Sai ɗayan.

Babu kowa. Sai taku.

Sanyi ya gifta ta gefen Zulkifilu, da warin kaki.

Makulli ya faɗi ƙasa. Torkula ya ɗagu har sai da ya tsaya kan 'yan yatsun ƙafa. Wuyansa ya lanƙwashe. Hannuwansa na yagar iska a gaban maƙogwaronsa.

Zulkifilu ya ce bari. Ya ce tsaya. Ya ce ba shi yake nufi ba. Addu'a ta harɗe masa a harshe. An riga an ba da umarni, abin ba ya jin na biyu.

Idon Torkula yana kansa.

Allura ta fara sauka. Torkula na laushi, tana ƙara sauka.

Zulkifilu ya cafki bakin kebur ɗin a jikin akwati. Zafi kamar ƙarfen maƙera. Ba ya fizguwa, sai an warware.

Ya murɗa. Ya ji ƙaurin fatarsa.

Ya murɗa.

Saura ƙiris allura ta kwanta, kebur ya fita.

Injin ya ɗauke. Torkula ya zube. Can cikin ciyawa wani kwaɗo ya gwada murya.

Da igiyar da ya ɗauro akwatin ya ɗaure Torkula a bayansa bisa mashin. Bai tsaya ba sai asibiti a Lafiya. Mota da doya da akwati duk a can ya bar su, daga baya ya sa masu yankan ƙarfe suka je da rana suka daddatsa motar.

Torkula ya rayu, sai dai murya ba ta dawo ba, sai raɗa. Da aka sallame shi Zulkifilu ya je gidansa da naɗaɗɗen hannu, ya nemi gafarar zargin da ya yi masa. Matar Torkula, Nguavese, ta ajiye masa kujera ta koma bakin ƙofa. Torkula ya saurare shi har ƙarshe, sa'annan ya yafito shi kusa.

"Zancen mai ya wuce," ya raɗa. "Abu ɗaya zan tambaye ka. Lokacin da ka faɗa, mota kake kallo, ko ni?"

Zulkifilu ya buɗe baki zai rantse. Ya laluba ransa ya koma kwarin nan, ya nemi inda idonsa yake a daidai lokacin, da abin da ke zuciyarsa. Rantsuwar ta ƙi fita.

Torkula ya jira shi har ya gaji. Sa'annan ya juya fuskarsa bango, ya ce wa Nguavese ta raka baƙo.