Sunana a Kan Fulawa

"Wace 'yar iska ce ta rubuta wannan?!"

Da ƙafa suka ɓalle ƙofar gidanmu, hantsi bai gama ɗagawa ba. Su huɗu ne, kowa da rawani da bindiga. Babbansu ya ɗaga gurasa sama, ga harafin Larabci "ba" jere a bayanta reras.

Na tura 'yan matan da ke taya mu aiki bayan labule na bi su.

Ni ce 'yar iskar. Sunana Breshna. Ina ajin ƙarshe masu rawanin nan suka rufe wa mata makaranta a garinmu Ghazni, na dawo bakin tanderun innata ina shan hayaƙi. Mata suka riƙa turo 'ya'yansu da sunan taya aiki, don yarinyar da ke zaune a gida ido ake sa mata. A kan kwaɓi nake koya musu karatu. Su rubuta da yatsa, in duba, mu murje. Ranar nan gurasa ɗaya ta kuɓuce mana ta gasu da rubutunta, ta faɗa hannun Ƙudrat.

Ƙudrat ɗan baffana ne. Tun da na ce ba na son sa ya tara gemu ya shiga cikin masu rawanin. Ga shi a bayansu yana sunkuyar da kai, munafuki, sai ka ce ba shi ya kawo su ba.

Inna ta tare gaba.

"Ku dubi Allah, 'ya'yana, shatin yatsa ne kawai..."

Mari ɗaya ya zubar da ita kan buhu.

"A fito min da matan nan duka!"

"Ni na rubuta."

Na leƙa ta gefen labule. Baryalai ne a bakin ƙofa, da damin itace a bayansa.

Baryalai shi ne mai kawo mana itace. Ya nemi aurena, Baffa ya ce jininsa bai yi arhar da zai ba mai jaki ba. Duk hirarmu ta bayan katanga ce, ya ce "Ya raina, kin tashi lafiya?" in ce masa ya tafi kafin a gan shi. Ina son sa kamar in mutu, kuma na san ko alif bai sani ba.

"Kai?" Babban ya yi dariya. "Jaki ma ya fara karatu?"

Gindin bindiga ya sauka a bakinsa. Na ji ƙarar haƙori. Ya tofar da jini, ya miƙe.

"Koyo nake, ranka ya daɗe. In na ga kwaɓi sai hannuna ya yi ƙaiƙayi."

"Ƙarya yake!" Ƙudrat ya yi tsalle. "Bai iya komai ba!"

Tsakar gida ya cika da maƙwabta, har Baffa ya shigo. Babban ya farke buhu da wuƙa, fulawa ta watsu a ƙasa.

"Rubuta kalma guda. In ka kasa, kai da ta bayan labulen nan motarmu za ku shiga."

Na toshe bakina da mayafi. Shi ke nan, mun mutu...

Baryalai ya durƙusa. Jini na ɗiga kan fulawa. Ya ja harafin "ba", ya ɗiga masa ɗigo. Ya ci gaba a hankali, a karkace, har ya kai ƙarshe.

Breshna.

Sunana! A gaban maza!

Ban taɓa koya masa ba.

"Mene ne wannan?" babban ya tambaya.

"Wuta, ranka ya daɗe. Wutar lantarki. A jikin akwatin mitar unguwarmu na gani, kullum nake kwaikwaya."

Da gaskiyarsa, a harshenmu sunana da wutar lantarki kalma ɗaya ce. Ashe duk tsayuwar da yake yi a gindin akwatin nan, jakinsa na jira, ni yake haddacewa.

Babban ya juya.

"Kai, Ƙudratullah, ka ce mace ce. Kana da magana?"

Ƙudrat ya buɗe baki. Ya dubi fulawar, ya dubi ubansa, ya dubi maƙwabta. Ya ce me? Ya ce wannan sunan 'yar gidanmu ne? Namijin da ya furta sunan matar gidansu a gaban maza ya gama zubar da mutuncinsa, har ya mutu da shi za a riƙa zolayarsa. Baffa ya kafe shi da ido.

"Ba ni da magana," Ƙudrat ya ce.

Haushin zuwan banza suka huce a kan Baryalai. An ce ya wulaƙanta abinci. Suka kwantar da shi suka zane shi da wayar wuta har rigarsa ta manne da bayansa. Babban ya taka hannunsa na dama da takalmi, ya murje. Na ji ƙasusuwan suna karyewa ɗaya bayan ɗaya. Bai kira kowa ba. Ni na yi ihun a cikin mayafi.

Da suka fita, Baffa ya tsaya a kansa ya daɗe. Ya sa tafin hannu ya shafe rubutun da kansa.

"Ka rubuta sunan 'yar gidana a ƙasa. Ko dai in kashe ka, ko in ba ka ita."

"Duk wanda ka zaɓa, Baffa..."

"Rufe min baki! Turo manyanka ranar Juma'a."

An ɗaura aurenmu hannunsa na naɗe da tsumma. Yatsun ba su ƙara lanƙwasuwa ba.

Ranar da na tare na riƙe hannun ina kuka.

"Don me, ya raina? Don me?"

"Kalma ɗaya na iya duk duniya," ya ce yana murmushi da giɓinsa. "Ita ma ga shi sun ƙwace."

Na share hawayena, na jawo kwanon kwaɓi gabansa.

"Ba su ƙwace komai ba. Miƙo na hagu."