Magda a Gefen Hoto

Taurin kai ne ya ci Gaston, kuma a idona aka yi, don shekara talatin muna maƙwabtaka a garin Ostend.

Matarsa Magda, tana budurwa, ta taɓa fitowa a wani fim da aka ɗauka a tashar jiragen ruwa, cikin mata masu sayar da kifi. Da kaset ɗin ya fito suka kalla sau uku, babu ita. Gaston ya ce cire ta aka yi, ya riƙa tsokanarta da "tauraruwa". Har ta rasu ba ta ƙara tada maganar ba.

'Yarsu Lieve ta fara ganin Wout ranar da ya zo gyaran talabijin. Ta kawo masa kofi, ya sha ya manta da gyaran. Wata biyu suna fita tare kafin ta ba shi labarin mahaifiyarta. Ya ce mata masu kaset datse hoto suke yi dama da hagu don ya cika talabijin. Washegari ya turo saƙo: "Tsuntsuwata, na samo faifan da ba a datse ba. Ban kalla ba, sai da ke."

Ran Lahadi ya kawo shi gidan. Fim na farawa, baƙin layi ya bayyana sama da ƙasa.

"Rabin talabijin duhu, ka ce an ƙara?" in ji Gaston. "Yaro, kwashe kayanka. Ba na ba maƙaryaci 'ya."

"Baba, minti ashirin kawai," in ji Lieve.

Gaston ya kashe talabijin. Ni na san abin da yake tsoro: in Magda tana ciki, to a banza ya yi mata dariya.

A ɗakin Wout Lieve ta ga mahaifiyarta a fim ɗin, can gefen hagu, da kwando a ƙugu, tana dariya. Ta rubuta wa uban: "Baba, tana nan. Ka zo." Bai amsa ba.

Da bazara aka ɗaura auren. Ni na riƙe hannun amarya, na sa musu albarka, kuma Allah ya amsa, suna zaune lafiya, har sun haifi 'ya mace.

Sai bayan shekara shida Gaston ya sauko, ya ce a kawo faifan. Lokacin ciwon sukari ya riga ya cinye masa ido. Lieve ce ta zauna kusa da shi tana faɗa masa launin rigar Magda.

Bai ga auren 'yarsa ba. Bai ga fuskar jikarsa ba. Magda kuwa, daƙiƙa tara take yi a fim ɗin, ko ɗaya bai samu ba.