Rundunar Ƙarƙashin Tafki

Yayata ta daɗe tana wasan kwaikwayo a gidan rediyo. Murya ce da ita mai kauri, in ta ƙwala wa ɗanta kira daga ɗaki har ɗan maƙwabta sai ya amsa. Shi ya sa da wani ƙaramin kamfani ya tashi yin wasan kwamfuta na yaƙi, ita suka nema ta yi muryar sarauniya.

Wasan dogon labari ne. Mai wasa shi ke tsara runduna, ya gina ganuwa, ya raba abinci da dawakai, yana bin sarauniyar gari bayan gari tana ƙwato ƙasar ubanta. A matakin ƙarshe abokan gaba sun yi mata ƙawanya, mayaƙanta sun ƙare. Sai ta tsaya a bakin wani tafki ta kira rundunar da ke kwance a ƙarƙashinsa tun zamanin kakanni.

An gama ɗaukar komai, sai ga kiran Dogo mai ɗaukar sauti wata ranar da yamma.

"Anti, don Allah ki ɗan leƙo. Wajen tafkin nan ya lalace. Wata ƙara ke shiga, kamar ana jan ƙafa cikin laka. Layi ɗaya ne kawai."

"Na san layi ɗayanka, Dogo. Ran nan ma haka ka ce, har girkina ya ƙone."

Ta dai yafa mayafi ta fita. Situdiyon a saman wani shagon kujeru yake. Da ta iso rana ta yi ja, masu shagon na jan ƙofa, matakala na warin fenti da ƙurar katako. Tun a nan ta ji ba ta da sukuni. Ta duba waya, ta mayar jaka, ta sake dubawa.

Ɗakin ɗaukar murya ɗan ƙarami ne, an liƙe bangonsa da soso, ƙofarsa mai nauyi. In an rufe ta, ko ganga ka buga ba mai ji. Gilashi ne ya raba shi da inda Dogo ke zama gaban kwamfuta. Ta shiga, ta sa abin sauraro a kunne, ya sako mata sautin wasan: iska, haniniyar dawakai daga nesa, ruwa na lasar gaɓa.

Ta gyara tsayuwa gaban makirufo.

"Ku da ke kwance, ku taso. Na buɗe muku ƙofa, ku shigo."

Wuta ta ɗauke.

"Kash!" in ji Dogo. Ya turo ƙofa da fitilar wayarsa. "Anti, bari in sauka in tada inji. Kada ki cire komai."

Ya ja ƙofar. Duhu ya rufe ta. Ta tsaya tana kaɗa ƙafa, tana tunanin yara ba su ci abinci ba.

Ba a jima ba allon kwamfutar ya kawo haske, shuɗi-shuɗi. Ga mutum zaune a kujera, dogo, kansa a sunkuye. Ya ɗaga yatsa ya juya shi, alamar da Dogo ke yi in yana so a maimaita.

Ta maimaita. Yatsan ya sake juyawa.

"Kai, Dogo, me kuma ya yi? Ai layin ya fita daidai."

Bai ɗago ba. Yatsan kawai.

Ta ja tsaki ta sake faɗi. A wannan karon, cikin kunnenta, aka amsa. Murya ce can ƙasa-ƙasa, kamar ta mutumin da bakinsa ke cike da ruwa.

"Mun ji, ranki ya daɗe."

Ta yi murmushi. Ta ɗauka muryar sarkin yaƙin tafki ce aka haɗa mata. Sai ta tuna abin da Dogo ya faɗa makon jiya: har yanzu ba su samu wanda zai yi muryar nan ba.

Ta kasa kunne. Ba ƙarar inji. Fitilar ɗakin ma ba ta kawo ba.

Sannan warin ya iso. Warin laka da ruɓaɓɓiyar ciyawar ruwa. Ta dafa bango, soson ya jiƙe sharkaf, sanyi ƙarara.

"Ƙofar a sakaye take," in ji muryar. "Sake faɗi."

Bayan muryar akwai wasu. Da yawa. Ana jan ƙafa cikin laka, ƙarfe na gogar ƙarfe.

Ta fizge abin kunnen ta yar. Sautin bai tsaya ba.

Ta kalli gilashi. Kujerar ba kowa.

Mutumin na tsaye jikin gilashin, goshinsa a manne. Kansa ya kusa taɓa rufi. Ruwa na gangarowa daga inda ya dafa.

Ta buɗe baki za ta yi addu'a. Abin da ya fito daban.

"Ku da ke kwance..."

Muryarta ce, amma ba ita ta sake ta ba.

Ta toshe bakin da hannu. Leɓɓanta na motsi a ƙarƙashin tafin.

"...ku taso."

Ruwa ya taɓa yatsun ƙafarta.

Ta cusa mayafi a baki, ta danna shi har maƙogwaro. Ta cije harshe sai da ta ji gishirin jini. Ta faɗa wa ƙofa da kafaɗa.

Ƙofa ta ƙi.

Gilashi ya ce ƙas.

Ta sake faɗa wa ƙofar da kafaɗa. A ranta take kiran sunan Allah, tunda bakin ba nata ba ne.

Numfashi mai sanyi ya sauka a ƙeyarta.

"Saura ki ce mu shigo," aka raɗa.

Inji ya tashi a ƙasa. Fitila ta kawo, ƙofa ta buɗe, ta zube a jikin Dogo, hannunsa duk baƙin mai.

"Anti! Lafiya? Igiyar injin ce ta tsinke, tun ɗazu ina ƙasa."

Ta nuna masa gilashin. Ya tsage daga sama har ƙasa. Kujerarsa a jiƙe take, laka ta kwanta a kan madannan kwamfuta. Dogo bai ƙara tambaya ba. Ya kama hannunta suka sauko, takalminta ɗaya a can ya kwana.

Ta yi kwanaki ba ta magana sai da hannu. Mijinta da ya saba tsokanarta cewa gidan zai huta ran da ta yi shiru, shi ya riƙa zama gefenta yana roƙon ta ce ko da "wash". A hankali muryar ta dawo, amma siririya, ba kaurin nan.

Dogo ya goge abin da aka ɗauka ranar ba tare da ya saurara ba, ya kwashe kayansa ya sauya gini. Wasan ya fito. Masu bugawa suna yabonsa, sai dai suna ƙorafin abu ɗaya: sarauniyar da ta yi ta magana tun farkon labari, in ta iso bakin tafki sai ta yi shiru, rubutu kawai ke fitowa a ƙasan allo.

Yayata ta bar aikin murya. Kuma har yau, in aka ƙwanƙwasa mata ƙofa, ko ni ce, ba ta cewa a shigo. Tashi take yi ta leƙa tukuna.