Matakalar Ciki Ko Ta Waje

"A waje nake son ta," in ji Auta, ta ɗora yatsa a gefen takardar zanen. "Nan, jikin katanga. Ta hau kai tsaye zuwa ƙofarmu."

Dogo ya ɗago kai ya dube ta kamar yau ya fara ganinta.

"Matakalar bene a waje? Gidan haya za mu gina ko gidan iyali?"

"Gidan da zan iya zama a cikinsa."

"Auta..."

"Ka ji ni dai."

Mai zanen gidan, wata dattijuwa mai tabarau a kan karan hanci, ta ajiye fensirinta a hankali. Ta ga irin wannan da yawa a ofishinta. Ta ce bari ta duba wani abu a ɗaya ɗakin, ta ja musu ƙofa.

Filin gadon mahaifin Dogo ne, siriri kamar tabarma, shi ya sa ba makawa sai bene. Komai sun daidaita a kansa ba gardama. Ƙasa na Mama ne, mahaifiyarsa, wadda ɓarin jikinta ya shanye tun bara. Ƙofar ɗakinta mai faɗi don keken guragu ya wuce, banɗakinta ba dakali, tagarta na kallon tsakar gida. Sama kuma nasu ne, shi da Auta, idan an ɗaura aure: ɗakin kwana, ƙaramin kicin, baranda, da wani ɗaki da Dogo ya rubuta wa "na yara" yana dariya, ita kuma ta rufe fuska.

Matakala ce kaɗai ta tsaya musu a wuya.

"Dubi nan," ya ce, ya jawo takardar. "Idan ta tashi daga cikin falo, dab da ƙofar Mama, ko tari ta yi za mu ji. Sakkowa ɗaya, mun iso."

"Mu ko ni?"

"Kamar yaya?"

"Kai kana kan falwaya kana gyaran wayar lantarki tun safe har yamma. Wani lokaci a tura ku wani gari ku kwana. Wa zai ji tarin?"

"Ai akwai mai jinya."

"Mai jinya tana tashi aiki. Matar gida ba ta tashi."

Jijiyar goshinsa ta tashi. Da ya buɗe baki, muryarsa ta yi ƙasa, ta yi sanyi.

"Ki fito fili kawai. Uwata kike gudu."

Maganar ta sauka mata a ƙirji kamar bulo. Ta ɗauki jakarta.

"Kai ne ka faɗi haka? Kai da ka san inda na fito?"

Ba ta jira amsarsa ba, ta fice.

Ya san inda ta fito kuwa. Tana tsakiyar karatu mahaifinta ya faɗi, bai ƙara tashi ba. Mahaifiyarta ta daɗe da rasuwa, yayyenta duk suna gidajensu da 'ya'yansu. Ita ce auta, ita ce ba miji, don haka ita ce ta ajiye littattafai. 'Yan matancinta gaba ɗaya a gefen gado ya ƙare, tsakanin bokiti da ledar katifa da maganin gyambon kwanciya. Ƙawayenta suka gama makaranta, suka yi aure, suka haihu, ita tana juya Baba daga dama zuwa hagu. A layin karɓar magani ma suka haɗu da Dogo, bayan faɗuwar Mama, ana saura kaɗan Baba ya cika. Shi ne mutum na farko da ya tambaye ta, "Ke fa, wa ke kula da ke?"

A kan wannan tambayar ta so shi.

Da ta koma gida, yayarta na ninke kayan wanki. Ta saurari labarin, ta taɓe baki.

"Ke dai ba ki da wayo. Ki bar shi ya sa matakalarsa inda ya ga dama mana! Idan kin shiga, kya san yadda za ki yi."

"Yaya, ba na son in shiga da ƙarya."

"To ki zauna da gaskiyarki har ki tsufa. Namiji irin wannan, mai tausayin uwarsa, shi ne zai tausaya miki."

"Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, Yaya."

Yayar ta koma kan ninkin kayanta. Ta san sau nawa ta leƙo lokacin jinyar Baba, da ledar lemo a hannu da uzuri a baki.

Kwanaki suka wuce, Dogo bai kira ba, ita ma ba ta kira ba. Amma kalmar nan ta hana ta sakat. Uwata kike gudu. Wata rana da hantsi ta shirya ta nufi gidan da su Dogo suke haya, don ta gaida Mama, ta kuma nuna wa kanta cewa ba gudu take ba.

Ta tarar da ƙofa a buɗe, mai jinyar ta fita sayo magani. Tun daga falo warin ya tare ta. Ta san shi.

Mama na kwance, ta juya fuska bango. Da ta ji sallama sai ta yi ƙoƙarin jan zani da hannunta mai lafiya, ta rufe jikinta.

"Kada... ki shigo, 'yata," ta ce, harshenta na sarƙewa. "Na ɓata... wurin."

Hawayen kunya na gangarowa ta gefen idonta zuwa kunne.

Auta ba ta san lokacin da ta ajiye jaka ba. Ta naɗe hannun riga, ta ɗebo ruwan ɗumi. Ta lanƙwasa gwiwar Mama, ta sa hannu a kafaɗa da ƙugu, ta juya ta cak ba tare da ta ji zafi ba. Ta naɗe zanin gadon ta ƙarƙashinta, ta wanke, ta tsane, ta shafa mai a gadon baya, ta shimfiɗa sabo ba ko tattara ɗaya.

"Haba Mama, mene ne abin kuka? Ai ke kika fara yi wa wani wannan wankin yana jariri," ta ce tana murmushi. "Kuma na ji an ce shi ya fi kowa ɓarna."

Mama ta yi dariya da rabin bakinta.

Sai da Auta ta kai bokitin banɗaki sannan jikinta ya tuna. Ta durƙusa ta yi ta amai, gumi na tsiyaya, haƙoranta na haɗuwa. Ta ga ɗakin Baba a gabanta, da labulensa da ba a ɗagawa, ta ji muryarsa yana kiran sunanta ba dare ba rana. Ta toshe baki da mayafi don kada kukanta ya fita.

Amma bangon gidan haya ba shi da sirri.

Da ta dawo, ta wanke fuska, Mama ta miƙo mata hannu.

"Zauna." Ta riƙe yatsunta da ƙarfin da ya rage mata. "Hannunki... ya iya. Amma zuciyarki ta gaji."

"A'a Mama, ƙalau nake..."

"Kada ki yi wa tsohuwa ƙarya. Yaron nan ya gaya mini... zancen matakala. Na ce masa shi sakarai ne." Ta numfasa. "A sa ta waje. Ni ba na son a ci ƙuruciyar 'yar mutane... sau biyu."

Auta ta kifa kai a gefen gadon ta fashe da kuka. Da Mama masifaffiya ce, da abin ya zo mata da sauƙi.

Ana haka Dogo ya shigo da kayan aiki a jikinsa, mai jinyar na biye da shi. Ya ga sabon zanin gado, ya ga mahaifiyarsa fes tana ƙamshi. Mai jinyar ta zagaya gadon tana tafa hannu.

"Wa ya yi wannan shimfiɗar? Ni kaina ban iya haka ba!"

Fuskar Dogo ta washe. Ya dubi Auta, idonsa cike da so da godiya.

"Kin gani, Autata? Kin gani? Wallahi kin fi kowa iyawa! Allah ne ya haɗa ni da ke, ya san abin da nake bukata!"

Bai faɗa don ya cuce ta ba. Daga zuciyarsa maganar ta fito, kuma wannan ne ya fi yi mata ciwo. Ta dubi Mama, Mama ta rufe ido.

Bayan sati ya kira ta ya ce ta same shi a filin. Ta je da la'asar. An share ciyawa, an kafa fegi, an ja igiya ta fitar da ɗakuna a kan jar ƙasa. Ya tare ta da sabuwar takarda a hannu, yana murmushi irin na mai laifi.

"Na koma wurin mai zane. Duba." Ya buɗe. "Ga ta nan, a waje, jikin katanga, yadda kike so. Har da rumfa a kanta saboda ruwan sama. Ki yafe mini abin da na faɗa, masoyiyata. Bakina ne ya fi hankalina sauri."

Ta daɗe tana kallon zanen. Ya yi kyau. Har wurin ajiye tukwanen fure an fitar mata a kan baranda.

"Na yafe maka tun a ranar," ta ce.

"To shi ke nan! Gobe a fara haƙa harsashi."

"Dogo... ba matakala ba ce."

Murmushinsa ya tsaya.

"Ko a bayan gari ka sa ta, zan sauko," ta ce. "Ka gani da idonka. Ba wanda ya sa ni. Idan ta kira zan zo, idan ba ta kira ba zan kwana ina sauraro. Mai jinya za ta yi fashi yau, ta yi gobe, wata rana ka ce me ya sa muke wahalar neman wata ga Auta a gida. Kuma ni ce zan fara cewa haka ne."

"Ba zan taɓa..."

"Ka riga ka faɗa, ba ka sani ba."

Ya dafe kai. Ya taka igiya ya shiga ɗakin Mama da ba a gina ba, ya sake fitowa.

"To me kike so in yi? In kai ta wurin ƙanwata, a ɗaki ɗaya da yara? In jefar da ita?"

"Da ka yi haka, da na tsane ka."

"To ki jira ni!" Muryarsa ta karye. "Ki koma karatunki, ki huta. Ba sauri nake ba. Mu jira har..."

Shi ma ya ji inda maganar ta dosa.

"Har me?" ta tambaya a hankali. "Ƙarasa mana. Har ta mutu?"

"Auta, don Allah..."

"Kana so in zauna ina duba waya kullum, ko yau ne? Matar da ta riƙe hannuna ta kira ni 'yata? In yi mata addu'ar tsawon rai da baki, zuciyata na wani lissafi? A'a Dogona. Gara in rasa ka."

Hawaye suka zubo masa, bai goge ba. Namiji mai hawa falwaya ba tsoro, ga shi tsaye cikin ƙura kamar yaron da ya ɓata a kasuwa.

"Ina son ki," ya ce. "Ban san yadda zan daina ba."

"Ni ma ban sani ba. Ka nemi wadda ba ta gaji ba, wadda za ta shiga da ƙarfinta. Mama ta cancanci haka. Kai ma."

Ta miƙa masa takardar. Bai karɓa ba, sai ta sunkuya ta ajiye a ƙasa, ta danne da dutse don kada iska ta ɗauke.

Wayarsa ta yi ƙara a aljihu. Ya ciro, ya duba. Ta hango sunan mai jinya a kan gilashin. Ya dubi wayar, ya dube ta, wayar na ta kuka a tafin hannunsa.

"Ɗauka," ta ce.

Ya ɗauka. Ta ga fuskarsa ta canza, ta ji yana cewa, "Tun yaushe? Kin ɗaga mata kai? Ga ni nan zuwa, ga ni nan!"

Tambaya ta taso mata har bakin leɓe. Me ya same ta? Ta shaƙe ne? A juya ta gefe! Ƙafarta ma har ta ɗaga za ta bi shi. Ta cije leɓenta da ƙarfi har ta ji ɗanɗanon jini, ta dunƙule hannuwanta cikin mayafi.

Ya ruga wurin babur ɗinsa. Sai da ya tayar sannan ya waiwayo, yana jiran ko za ta hau.

Ta girgiza kai, hawaye na zuba.

Ya ja babur ɗin ya tafi. Ta tsaya har ƙurarsa ta kwanta, sannan ta tsallake igiyar, ta kama hanyar gida tana kuka kamar ranar da aka fita da Baba.