Taliyar Matar Sama

"Ba na ci."

Ummi ta ture kwanon da bayan hannu, ta kau da kai. Shinkafa da wake ce, da mai da yajin da Inna ta aiko mini tun daga Gusau.

"Loma ɗaya, uwata. Ɗaya tak."

"Ni taliyar Anti Rohani nake so."

Abbanta ya ɗago daga littafinsa ya yi dariya. Dariyar ta fi maganar yarinyar ƙona mini rai.

"Ƙyale ta, Husaina, in an yi la'asar sai in hau da ita. Gaskiya baiwar Allahn nan hannunta akwai..."

"Akwai me?"

Ya mayar da ido kan littafin.

"Ƙarasa mana, Malam. Hannunta akwai me?"

"Maganar taliya fa nake yi."

"Ni ma maganarta nake yi."

Shekararmu ta biyu ke nan a Alƙahira, cikin 2013, a hawa na uku na wani bene da ke Hayyul Ashir. Mijina Abdurrahim yana karatun Shari'a, ni kuma karatuna duka Ummi ce. Nana Fatima sunanta, sunan mahaifiyarsa, shi ya sa ba ma faɗa. Shekararta uku. Wata biyu da suka wuce ta yi zazzaɓin da ya kusa raba ni da hankalina. Ta warke, amma cin abinci ya tafi. Wuyanta ya zama kamar zare.

A hawa na huɗu akwai Hussain, abokin karatun Malam, ɗan ƙasar Tailan, da matarsa Rohani. Wata rana ta aiko mana da faranti: taliyar shinkafa mai faɗi, baƙa-baƙa, da nama da ƙwai da ganye. Na shinshina, na ji ƙauri. Har na ɗauka zan ajiye gefe, Ummi ta sa hannu. Ta cinye tas, ta lashe yatsa.

Ranar na yi kukan murna. Da aka yi sati uku kullum uba da 'ya suna hawa sama, suna saukowa da ƙamshin girkin wata a jikin rigunansu, kukan ya canza.

"Daga yau," na ce, "babu mai sake taka matakalar nan."

"Husaina, yarinyar nan ba ta cin komai sai..."

"Ni na haife ta, ni zan ciyar da ita. Kai ma ni aka kawo in dafa maka."

"Ni fa ko fuskarta ban taɓa gani ba. A falo muke zama da Hussain, abinci yake shigowa."

"Ba ka ga fuska ba, amma ka san hannu."

Ya rufe littafin a hankali. "Tamam. Yadda kika ce."

Washegari na goya Ummi, na nemi ɗan shagon da 'yan Tailan da Malesiya suke sayayya. Na yi nuni da yatsa, mai shagon ya haɗa mini taliyar, busasshiya, da soya sos kwalba biyu, ɗaya baƙi mai kauri, ɗaya tsinkakke. Ya fara yi mini bayani da Larabcinsa mai sanyi, na ce masa shukran. Taliya ce fa. Tun ina 'yar shekara tara nake dafa taliya.

Na tafasa ruwa, na zuba, na rufe, na ba ta lokacinta kamar yadda ake yi wa kowace taliya. Da na buɗe tukunya, abin da na gani ba ya da suna. Ba tuwo ba, ba kunu ba. Na kwashe na zubar kafin Malam ya dawo, na wanke tukunyar sau biyu.

Ranar Ummi shayi kawai ta sha.

Rana ta biyu na gane jiƙa ta ake yi. Na yanka nama siri-siri, na soya da tafarnuwa, na zuba komai a kasko, na rage wuta, na tsaya a kai ina juyawa ba ɗagawa. Inna ta raine mu a kan abu ɗaya: macen da girkinta ya kama, har ƙauri ya fita tsakar gida, ta gama zubar da mutuncinta. Ban bari ko zare ɗaya ya kama ba. Ta fito sumul, ta ɗan kakkarye, amma ba laifi.

Ummi ta kai loma ɗaya baki, ta dawo da ita a tafin hannuna.

"Ba ita ba ce."

"Ita ce mana, uwata. Duba, har da ƙwai."

"Ba ta ƙamshi."

Na juya wajen Malam. Yana ci, yana haɗiyewa da ruwa.

"Yaya ka ji?"

"Ma sha Allah, kin yi ƙoƙari."

Ƙoƙari. Shekara huɗu da aure, bai taɓa ce wa girkina ƙoƙari ba. Na shige kicin na jingina da bango, hawaye na zuba. Ya biyo ni ya tsaya a bakin ƙofa.

"Habibti..."

"Kar ka habibti ni. Je ka sama."

"Ni ba inda za ni. Amma dubi hannun yarinyar nan. Awarwaronta har gwiwar hannu yake zamewa."

Na leƙa. Tana kwance a kan darduma, ta sa babban yatsa a baki, awarwaron da na saya mata da Sallah yana lilo. Kwana biyu cur, shayi da rabin biskit. Ni na jawo.

Da safe bayan ya tafi makaranta, na sa hijabi, na ɗauki ragowar taliyar da kwalaben a leda, na riƙe hannun Ummi. Matakala goma sha takwas ce tsakaninmu da hawa na huɗu. Ban taɓa jin nisan tafiya kamar ta ranar ba.

Rohani ta buɗe ƙofa. 'Yar ƙarama ce, ba za ta girme ni ba. Ummi ta ƙwace hannunta ta rungume ƙafafunta, ni kuma wani abu ya soke ni a ƙahon zuciya.

"Koya mini," na ce da guntun Larabcina. Ko gaisuwar kirki ban yi ba.

Ta dubi ledar, ta dube ni. "Yalla, shigo."

Ta jiƙa taliyar a ruwa mai ɗumi har ta yi laushi, ta tsane ta. Ta haɗa soya sos ɗin biyu da ɗan sukari da ɗigon khal, wato binega, a kofi. Sai ta ɗora kaskonta mai zurfi, baƙi ƙirin, ta murɗe wutar gas har ƙarshe. Mai ya fara hayaƙi. Nama, tafarnuwa, ganye, ƙwai, duk cikin ƙiftawar ido, ta kwashe su gefe. Ta miƙo mini cokalin.

"Kaɗan-kaɗan. Faranti ɗaya kawai, kar ki cika kasko."

Na zuba taliyar, ta kwarara haɗin a kai. Na kai cokali zan juya, ta cafke wuyan hannuna.

"Bar ta."

"Za ta kama."

"Eh."

"Za ta ƙone fa!"

"Kaɗan. Shi ne daɗin."

Ƙauri ya fara tashi. Ji nake kamar Inna na tsaye a bayana. Rohani tana ƙirga da leɓɓanta, ba ta sake ni ba sai da ta kai goma sha biyar. Na juya taliyar. Gefen taliyar ya yi ja-ja, baƙi-baƙi, yana sheƙi. Ƙamshin da nake ji a rigar mijina sati uku, shi ne wannan. Abin da jiya na dage ina tsare kaskona daga gare shi.

Ummi ta zauna a ƙasa ta ci, tana ci tana kaɗa ƙafa. Rohani ta tsuguna tana kallon bakinta. A jikin firij na ga hoton wata yarinya mai gajeren gashi.

"Wace ce?"

"'Yata. Tana gida wajen mahaifiyata. Shekararta uku." Ta gyara mayafinta. "Haka take kaɗa ƙafa ita ma."

Na sake duban hoton. Tausayinta ya kama ni, ba zan ɓoye ba. Amma ko a lokacin, da Ummi ta miƙa mata loma ba ta miƙo mini ba, sai da na ji zafi.

"Ranar Alhamis," na ce da za mu sauko. "Zan riƙa kawo miki Ummi. Ni da kaina."

Ta gane. Ta yi murmushi ta ce, "Ke da kanki."

Da azahar na ɗora nawa kaskon, na buɗe taga, na murɗe wuta. Ina cikin ƙirgawa Malam ya turo ƙofa, ya jefar da jakarsa ya yo kicin da sauri.

"Husaina, abu na ƙonewa."

Ya kai hannu zai kashe gas. Na cafke wuyan hannunsa.

"Bar ta."

"Ƙauri fa nake ji."

"Sha uku... sha huɗu... Malam, matsa mini."

Ya tsaya yana kallona, hannunsa cikin nawa. Na juya taliyar da ɗaya hannun, na mayar da nama da ganye, na juye a faranti. Ummi ta taso da kanta, ba kira, ta zauna ta buɗe baki. Loma bakwai na ƙirga kafin na daina ƙirgawa.

Shi ma ya ɗebo, ya tauna, ya lumshe ido.

"Kin hau sama ke nan."

"Na hau. Saboda 'yata, ba saboda kai ba."

"Na sani." Ya matso har kafaɗarsa ta taɓa tawa, ya rage murya. "Ranar nan bakina ne ya yi kuskure, ki yafe mini. Wallahi tun da aka kawo ki ban taɓa jin yunwa ba."

Na yi kamar ban ji ba. "To, yaya ka ji ta?"

"Ta fi ta sama."

Na san ba ta fi ba. Gishirin ya ɗan yi yawa, naman ma ya yi tauri. Na janye farantin daga gabansa, na riƙe.

"Ƙarya kake yi, Abban Ummi."

"Husaina..."

"Ƙarya ce. Amma sake faɗa."