Inda Wahid Ya Kafa Tanti

Ni na tsara wa yayana Wahid tafiyarsa ta dajin Ostareliya, domin ni ce mai karance-karance a gidanmu. Yana can yana tuƙi shi kaɗai, ni kuma ina nesa da shi, a laburaren unguwarmu ta Barking da taswira, ina zaɓa masa inda zai riƙa kwana.

Ranar Laraba da magariba, ana yayyafi, wata tsohuwa ta zauna a gabana ba sallama. Mayafinta a bushe ƙarau, tana warin hayaƙin itace. Ta ɗora yatsa daidai inda na zagaye da jan biro, wani busasshen rafi nesa da kowane gari.

"Ke kika tura shi nan?" Da Hausa ta tambaya, muryar kamar daga cikin rijiya.

"Iya, ai na yi masa booking, na kama masa wurin tun kafin ya je. Wurin babu kowa."

"Babu kowa? Takardarki ce ta gaya miki? Ya dafa shayi, ya watsar da sauran ruwan zafin a ƙasa ba bismillah. A bayan jikata ya zuba. Uwarku ba ta koya muku komai ba?"

Na ce ta yi haƙuri, yanzu zan kira shi ya kwashe tantin. Na danna lambarsa.

"Kira shi mana," in ji ta, ko ƙiftawa ba ta yi.

Sai wayar Wahid ta fara ƙara a ƙarƙashin teburin, a kan cinyarta.